Gwanayen Awo a Samaru: Yadda Ake Tambayar Ƙasa Abin da Ke Cikinta

Duk shekarar da kogin Haɗeja ya cika ya tumbatsa, yakan bar wa fadamun Ringim da Taura da Miga sabuwar laka. Manomi ya san darajar wannan laka, domin a kanta ne shinkafa da alkama da albasa suke yin kyau da rani. Ya kuma san ƙasarsa farin sani. In ya damƙa ya murza, ya gane mai riƙe ruwa da mai zubar da shi, in kuma ya ga fari-fari ya fara fitowa a bakin kunya, ya san kanwa ta taso. Sai dai ruwan nan daga nesa ya fito. Kogin Kano da kogin Challawa ne suka haɗu gabanin Wudil suka zama shi, Challawa kuwa ita ke kwasar ruwan da masana'antun jima na Kano suke zubarwa, waɗanda suka bar bagaruwar majeman dauri suka koma jima da gishirin kuromiyom. Shin wannan sinadari yana isowa gonar mutumin Taura? In yana isowa, nawa ne, kuma shinkafa tana zuƙarsa? Ido da hannu da harshe ba su da amsa, saboda abin da ake magana a kai yakan zama 'yan kaso kaɗan cikin miliyan.

Akwai masu iya ba da amsa, kuma ba sai an ƙetare teku ba. A Samaru ta Zariya, a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello wadda aka fi sani da CERT, akwai tukunyar nukiliya ɗaya tilo da Nijeriya ta mallaka. Sunanta NIRR-1, ƙirar ƙasar Sin ce, ta kuma fara aiki ranar 3 ga Fabrairun 2004. Ba ta ba kowa wutar lantarki. Ƙarfinta kilowat 30 ne da 'yan kai, alhali madatsar Kainji an tsara ta ne don megawat 960. Zuciyarta, inda makamashin yake, ba ta kai santimita 25 a tsawo ko a faɗi ba, tana nutse can ƙasan wani tafki na ruwa mai tsabta. Babban aikinta shi ne samar da ƙwayoyin da ake kira niyutiron, har kimanin tiriliyan ɗaya suna ratsa kowane santimita murabba'i a daƙiƙa guda. Da waɗannan ƙwayoyi ake tambayar ƙasa, ko hatsi, ko kanwa, ko dutse, abin da ke cikinsu. A ganina, cikin ayyukan ilimi da ake yi a Arewa kaɗan ne suka kai wannan kyau, kaɗan ne kuma jama'a suka jahilta kamarsa.

Kafin a ga gwanintar sai an leƙa cikin atam. A 1911, a Mancesta ta Ingila, Ernest Rutherford ya nuna cewa kusan duk nauyin atam yana dunƙule ne a wata 'yar cibiya a tsakiyarsa, wadda faɗinta bai kai kashi ɗaya cikin dubu goma na faɗin atam ɗin ba. Sauran wurin na ilektiron ne. A cikin cibiyar akwai furoton, kuma yawansu ne yake raba sinadari da sinadari: 11 sodiyom, 24 kuromiyom, 26 ƙarfe, 79 zinariya, 82 dalma. A 1932 James Chadwick ya gano abokin zaman furoton, wato niyutiron, mai nauyi kusan ɗaya da shi amma ba shi da cajin lantarki ko kaɗan. Rashin cajin nan shi ne sirrin aikin Samaru. Furoton in ya doshi cibiyar wani atam, cajinsu iri ɗaya ne, sai su ture juna. Niyutiron kuwa babu abin da ke tare shi, shiga yake yi ya zauna. Cibiyar da ta haɗiye shi ta ƙara nauyi, sau da yawa kuma ta rasa natsuwa. Sodiyom na gishirin miya, mai nauyi 23, sai ya zama sodiyom-24, wanda ba ya daɗewa yake rikiɗewa, yana fitar da wani haske mai ratsa jiki da ido ba ya gani, wato hasken gamma.

A nan ilimin kwantum ya shigo. Har ƙarshen ƙarni na 19 masana sun ɗauka kuzari abu ne da ake iya bayarwa ko karɓa kowane gwargwado. A Disambar 1900 Max Planck, a Balin, ya ga lissafin hasken da abu mai zafi yake fitarwa ba ya daidaituwa sai an yarda cewa kuzarin ƙulli-ƙulli yake fita. Je ka kasuwar Gujungu ka ga bambancin. Mai man gyaɗa zai tsiyaya maka kwalba, ko rabi, ko rabi da ɗan ɗigo. Mai ƙwan zabi kuwa sai dai ya ƙirga maka, uku ko huɗu, babu uku da rabi. A duniyar atam kuzari na ƙirge ne. Albert Einstein ya ɗora a 1905 cewa hasken kansa ƙwaya-ƙwaya yake tafiya. Niels Bohr kuma a 1913 ya nuna cewa ilektiron a cikin atam yana da matakai ƙayyadaddu, ba ya tsayawa tsakanin wannan da wancan, in kuma ya sauko daga na sama zuwa na ƙasa sai ya fitar da ƙwayar haske ɗaya mai kuzari daidai da tazarar matakan biyu. Daga baya aka tabbatar cibiyar atam ma haka take, sai dai tazarar matakanta ta ninka ta ilektiron sau dubbai, wani lokaci har miliyan.

Abin da wannan ya haifar ga mai awo babba ne. Kowace irin cibiya da nata matakan, saboda haka kowace da nata hasken. Ana auna kuzarinsa da ma'aunin keV. Sodiyom-24 yana ba da 1369 da 2754. Alminiyom-28 yana ba da 1779, manganis-56 yana ba da 847, zinariya-198 tana ba da 412, kuromiyom-51 kuma 320. Zafin bazara ba ya sauya waɗannan lambobi, haka sanyin hunturu. Ko atam ɗin a laka yake, ko a ƙwayar shinkafa, ko a zoben amarya, lambar tana nan, domin cibiyoyi biyu na nau'i ɗaya babu ko ƙwayar bambanci tsakaninsu. Wanda ya iya karanta hasken zai ambaci sunan sinadari da yawansa ba tare da ya narkar da komai a asid ba.

Akwai abin mamaki na biyu. Niyutiron da yake fitowa daga tsagewar yuraniyom gudunsa ya kai kilomita 20,000 a daƙiƙa, kuma hankali zai ba mutum cewa mai gudu shi zai fi kutsawa cikin cibiya. A Oktoban 1934 Enrico Fermi da abokan aikinsa a birnin Rum suka ga akasin haka. Da suka sa kakin farafin tsakanin tushen niyutiron da azurfa, sai hasken da azurfar ke fitarwa ya ninka sau da yawa. Kakin ya rage wa ƙwayoyin gudu, masu tafiya a hankali kuma su cibiya ta fi cafkewa. Bayanin yana da alaƙa da abin da Louis de Broglie ya kawo a 1924, cewa kowace ƙwaya tana da ɗabi'ar igiyar ruwa, kuma duk sa'ad da gudunta ya ragu igiyar tana ƙara tsawo. Niyutiron da ya sauko zuwa kilomita 2.2 a daƙiƙa, tsawon igiyarsa ya kai faɗin atam sukutum, ya ninka cibiyar da yake nema sau dubbai. Shi ya sa zuciyar NIRR-1 take cikin ruwa, kewaye da ƙarfen beriliyom. Ruwan yana rage gudu, beriliyom yana maido da masu tserewa. George de Hevesy da Hilde Levi, a Kopenhagen, su ne a 1936 suka fara mayar da wannan al'amari hanyar awo.

Duk wannan yana cikin littafi, ɗalibi mai ƙwazo zai haddace shi a zango ɗaya. Gwaninta kuwa tun daga bakin gona take farawa. A ce an ɗebo laka daga fadamar Taura. Abin da zai shiga tukunya bai wuce miligiram 150 zuwa 250 ba, ɗan abin da za ka ɗiba da yatsu biyu, kuma shi ne zai yi magana da yawun gona guda. Don haka ana ɗebo ƙasar daga wurare da dama a zurfi ɗaya, a busar, a niƙa ta zama gari, a cakuɗa sosai. Ba a niƙawa da kayan ƙarfe, domin ƙarfe marar tsatsa shi kansa cike yake da kuromiyom, in ɗan kaɗan ya goge cikin garin to mai awo ya zuba abin da yake nema da hannunsa. Da ɗan turmin dutsen agat ake yi. Ba a taɓa samfur da yatsa, sai da safar hannu da hantsaki, saboda gumi gishiri ne, kuma sodiyom ɗin da ke cikin shatin yatsa ɗaya zai fito ɓaro-ɓaro a sakamako. Ana auna nauyinsa a sikeli mai gane kashi ɗaya cikin goma na miligiram, a naɗe a leda mai tsabta, a liƙe da zafi. An zaɓi leda ne domin kabon da haidirojin da aka yi ta da su kusan ba sa amsa wa niyutiron. Tare da shi ake shirya wani samfur na shaida, wanda hukumar makamashin nukiliya ta duniya da ke Biyana ko hukumar ma'aunai ta Amurka ta riga ta tantance abin da ke cikinsa. Za a gasa su iri ɗaya, a ƙirga su iri ɗaya, a tazara ɗaya daga na'urar ƙirga haske. In sakamakon shaida bai dace da takardarsa ba, gwani ba ya yarda da sakamakon lakar, komai kyansa a ido.

Daga nan sai aikin agogo, kuma a nan ne na fi jinjina wa masu awon nan. Iska ce take harba 'yar kwalbar roba ta cikin bututu zuwa gefen zuciyar tukunya, ta kuma dawo da ita cikin 'yan daƙiƙoƙi. Da ta fito, kowane sinadari a cikinta ya fara rikiɗewa, amma kowane da nasa saurin. Akwai wa'adin da rabin cibiyoyin da aka tayar suke ƙarewa a cikinsa. Na alminiyom-28 minti 2 ne da daƙiƙa 14. Na manganis-56 awa 2 da rabi da 'yan mintoci, na sodiyom-24 awa 15, na asenik-76 kamar awa 26, na kuromiyom-51 kwana 27.7, na ƙarfe-59 kwana 44.5, na zink-65 kwana 244. Saboda haka samfur ɗaya ana yi masa tambaya sau da yawa. A gasa shi minti ɗaya ko biyu, a garzaya da shi na'ura, domin bayan minti 23 abin da ya rage na alminiyom bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Amma in an yi garaje an ɗora shi da wuri, laka cike take da alminiyom, haskensa zai yi wa na'urar yawa ta riƙa tsallake ƙirga. Tsakanin gaggawa da jinkiri akwai 'yan mintoci, su gwani yake nema. Bayan awa uku ko huɗu a sake ƙirgawa, lokacin masu gajeren wa'adi sun yi shiru, manganis da fotasiyom sun fito fili.

Kuromiyom ɗin da ya kawo mu kuwa sai an yi haƙuri. Ana gasa wani kason samfurin kamar awa shida, a ajiye shi a bayan dalma kwana huɗu ko biyar, a ƙirga, a sake ajiyewa har kusan mako biyu. Dalilin jiran sodiyom ne. Arthur Compton ya nuna a 1923 cewa ƙwayar haske tana iya karo da ilektiron ta bar masa wani ɓangare na kuzarinta ta wuce da sauran. Hasken sodiyom mai ƙarfi ne, kuma yawancinsa haka yake yi a cikin na'ura, sai ya shimfiɗa hayaniya a kan duk lambobin da ke ƙasa da nasa, ya binne ƙananan alamu irin 320 ta kuromiyom. Bayan mako biyu abin da ya rage na sodiyom bai kai ɗaya cikin miliyan biyar ba, kuromiyom kuwa kashi 70 cikin 100 nasa yana nan. Ƙasar da kanwa ta yi wa yawa ta fi wuyar sha'ani, tunda kanwa sodiyom ce, ita sai an ƙara mata kwanaki. Babu jadawalin da zai yanke wa mutum ranar daidai, saboda ƙasar kowace gona da halinta. Yawan yi ne yake koya masa.

Ƙarƙashin wannan lissafin wa'adi akwai tushen da ya fi kowane zurfi a ilimin kwantum. Babu wanda ya san lokacin da cibiya guda ɗaya za ta rikiɗe, kuma matsalar ba ta raunin na'ura ba ce. Lissafin da Werner Heisenberg ya kafa a 1925 da wanda Erwin Schrödinger ya kawo a 1926, kamar yadda Max Born ya fassara shi a wannan shekarar, yiwuwa kawai yake bayarwa. Cibiya ba ta tsufa. Sodiyom-24 da ya yi awa 100 bai rikiɗe ba, damarsa ta rikiɗewa a awa mai zuwa daidai take da ta wanda aka tayar yanzu. Einstein bai taɓa gamsuwa da cewa maganar ta ƙare a nan ba, ya yi ta muhawara da Bohr tun taron Solvay na 1927 a Brussels. Har yau masana suna saɓani kan ma'anar abin, ko da yake gwaje-gwajen da suka ba John Clauser da Alain Aspect da Anton Zeilinger kyautar Nobel a 2022 sun gaskata hasashen kwantum. Mu da muka tashi a kan cewa sanin gaibu sai Allah, ba ya yi mana wuya mu karɓi cewa ilimin ɗan Adam yana da iyaka. Abin da ya burge ni shi ne ilimin da kansa ya auna faɗin iyakar ya ba ta lamba. In na'ura ta ƙirga ƙwayar haske 100, rashin tabbas ɗin kamar 10 ne, wato kashi 10 cikin 100. In ta ƙirga 10,000, rashin tabbas 100 ne, kashi 1 kacal. Wanda yake so ya rage kuskurensa da rabi sai ya ninka ƙirgarsa sau huɗu. Ga kuromiyom-51 kuma, cikin rikiɗa 100 kamar 10 ne kawai suke ba da hasken 320, sauran a ɓoye suke wucewa. Shi ya sa gwani ba ya rubuta lamba tsirara, sai da ƙari ko ragi a gefenta. In bai ga alama ba, ba ya cewa babu. Cewa yake yi abin bai kai mafi ƙarancin da na'urarsa take iya gani ba, ya kuma rubuta wannan mafi ƙarancin. Al'ummar da ta san nauyin tauye mudu ya kamata ta gane darajar irin wannan amana.

Rikiɗar kanta ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. A cikin sodiyom-24 niyutiron ɗaya ne yake juyewa ya zama furoton, sinadarin ya koma magniziyom, sabuwar cibiyar kuma ita ce take saukowa daga matakanta tana sakin gamma. A yayin juyewar ilektiron yana fita, tare da wata ƙwaya da Wolfgang Pauli ya yi hasashenta a 1930 don lissafin kuzari ya cika, wato niyutirino, wadda ba a kama ta ba sai 1956, lokacin da Frederick Reines da Clyde Cowan suka gan ta a gefen wata tukunyar nukiliya a Amurka. Tun 1964 kuma Murray Gell-Mann da George Zweig suka kawo cewa furoton da niyutiron su ma ƙwayoyi uku-uku ne a cikinsu, masu suna kwak, kuma juyewar ɗaya daga cikin ukun ce take mayar da wannan ya zama wancan. Ƙwayar W da take ɗaukar wannan saƙo sai a 1983 aka gano ta a cibiyar CERN ta Janiba. Abin da aka haƙa rami mai kilomitoci ana nema a Turai, shi ne yake faruwa sau dubbai kowace daƙiƙa a cikin 'yar ledar nan a Samaru.

Na'urar ƙirgar dunƙulen jamaniyom ce mai matuƙar tsabta. Ƙwayar gamma in ta shiga cikinsa tana 'yanto ilektiron, kowane ɗaya a kan kuzari kusan 3 eV, saboda haka hasken kuromiyom yana 'yanto sama da 100,000 a bugu ɗaya. Yawansu ne yake faɗin kuzarin hasken. Irin wannan 'yantowa ce take gudana a farantin sola da ke jawo ruwa a rijiyoyin burtsatse na ƙauyukan Jigawa, sai dai can silikon ne da hasken rana. Jamaniyom ba ya jure zafi. A zafin ɗaki ilektiron ɗinsa da kansu suke tsinkewa su cika awo da hayaniya, don haka sai an riƙe shi a sanyin ruwan naitirojin, digiri 196 ƙasa da sifili. Ka tuna da zafin watan Afrilu a Zariya, ka tuna da halin wutar lantarkinmu, za ka san cewa tsare wannan sanyi shekara da shekaru shi ma aiki ne. Ana kewaye na'urar da dalma don tare hasken waje, ana daidaita ta da tushen da aka sani, irin kobal-60 mai 1173 da 1332. Duk da haka alamar 1461 takan leƙo, ta fotasiyom-40 ce da ke cikin bango da ƙasa da jikin mai awon kansa, kuma dole a san ta a cire ta.

Abin da yake fitowa a allon kwamfuta layi ne mai tsini-tsini da dama, kowane tsini a kan lambarsa. Kwamfuta tana iya auna tsayinsu ta laƙa musu suna, amma ba ta san tarko ba. Asenik yana kan 559, buromin a 554, antimoni a 564, uku a jere, in na'ura ta ɗan yi sako-sako sai su haɗe, a ɗora wa rijiyar mutane gubar da babu ita. Zink, wanda ƙarancinsa yake nakasa shinkafa, yana kan 1115, sikandiyom kuma, wanda ba a rasa shi a ƙasa, yana kan 1120 da tsini mafi girma. Magniziyom na 844 yana jingine da manganis na 847, shi ya sa gwani yake barin wannan ya koma wa ɗaya alamar magniziyom a 1014. Akwai wanda ya fi waɗannan ɓuya. Niyutiron masu gudu, waɗanda ruwa bai gama ladabtarwa ba, suna iya mayar da silikon ya zama alminiyom-28. Ƙasar jigawa kuwa rairayi ce, rairayi kuma silikon ne, saboda haka wanda bai cire wannan kaso ba zai ba da rahoton alminiyom da ya wuce gaskiya. Gwani yana neman alama ta biyu ta kowane sinadari, ya duba ko girman biyun ya dace da juna, in yana shakka ya sake ƙirgawa gobe ya ga ko tsinin ya ragu daidai da wa'adin wanda ake zargi. Shaidu biyu yake nema kafin ya ambaci suna.

Cikar gwaninta kuma ita ce sanin inda hanyarka ta tsaya. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara. Da an kawo ƙasar Bagega ko Dareta a gasa da niyutiron, da zinariya da asenik sun fito, dalma kuwa da ba ta ce uffan ba. Dalilin ma na kwantum ne. Maria Goeppert Mayer da Hans Jensen sun nuna a 1949 cewa furoton da niyutiron suna cika matakai a cikin cibiya, akwai kuma lambobin da in an kai su matakin ya rufe ruf. Dalma-208, wadda ta fi yawa a cikin dalma, tana da furoton 82 da niyutiron 126, duka biyun cikakku, saboda haka da ƙyar take karɓar ƙari, sauran nau'o'inta kuma in sun karɓa yawanci ba sa ba da hasken da za a ƙirga. A Zamfara da na'urar hannu mai hasken eksire aka auna ƙasar gidaje, wadda take karanta matakan ilektiron maimakon na cibiya, bisa abin da Henry Moseley ya gano a 1913. Haka batun kuromiyom. Niyutiron zai faɗi jimillarsa, amma ba zai raba nau'in da ake jima da shi da ɗaya nau'in mai tsananin guba ba, domin bambancinsu a ilektiron yake. Mai gaskiya zai ba ka lambarsa ya ce ka kai sauran tambayar ɗakin binciken sinadarai. Awo ɗaya kuma ba ya isa. Sai an ɗebo daga wurare ɗaya bayan kowace damina, shekara bayan shekara, kafin a san ko abu yana taruwa ko yana wankewa.

Masu tuƙa tukunyar su ma sun cancanci yabo. Sanda ɗaya ta kadmiyom, mai haɗiye niyutiron, ita ce linzaminta, kuma an ƙera ta yadda in ruwanta ya ɗumama aikin da kansa yake lafawa. Shekara 14 ta yi tana aiki da yuraniyom da aka tace sama da kashi 90 cikin 100, irin wanda duniya take tsoron ya faɗa hannun ɓata-gari. A 2018, shekara guda bayan Gana ta yi wa tata irin wannan gyara, aka cire tsohuwar zuciyar aka sa sabuwa mai kashi 13, aka mayar da tsohon makamashin, kimanin kilo ɗaya, ƙasar Sin a watan Disamba. Sauyin ya sa dole a sake auna yanayin niyutiron a kowane bututu, a sake daidaita lissafin awo, kuma masanan cibiyar suna cikin waɗanda suka yi wannan aiki.

Na'ura ana sayenta da kuɗi, amma idon da zai raba 554 da 559 sai an yi shekaru ana renonsa a gaban wanda ya iya, in kuma tsara ɗaya ta yi ritaya ba ta bar magada ba, sai a koma farko. Jigawa tana da Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, tana da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, amma yaro mai kaifin lissafi har yanzu likitanci ko injiniyanci ake tura shi, fiziks kuwa sai wanda bai samu gurbin da ya nema ba. Ina kira ga hukumar ba da tallafin karatu ta jiha ta ware gurabe na musamman ga masu son zurfafa wannan fanni a Samaru, ga jami'o'in biyu su ɗaure ɗalibansu da CERT tun daga aikin kammala digiri na farko. Iyaye kuma, in yaronku ko yarinyarku a sakandaren Taura ko Gujungu ko Majiya suka ce fiziks suke so, ku bar su su karanta, ku kuma tsaya musu.